Na sa (int) kwamfaila ya yi shiru, amma lissafina ya daina cika

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina koyon Java, kuma ina rubuta wata 'yar manhaja ta haɗa jimlar kuɗi. Na so in mayar da dala zuwa santi, sai na rubuta `int santi = farashi * 100;` inda `farashi` yake `double`, wato lamba mai ɗigo, `int` kuma cikakkiyar lamba ce. Kwamfaila, wato mai fassara rubutuna zuwa harshen na'ura, ya ƙi, ya ce "incompatible types: possible lossy conversion from double to int". Wani da ya riga ni farawa ya ce in sa `(int)` a gaba kawai. Na sa, ta yi aiki. Amma yanzu idan farashi 4.35 ne sai ta ba ni 434 maimakon 435. Kuma `if (0.1 + 0.2 == 0.3)` ba ya taɓa zama gaskiya. Hankalina ya tashi, don ba na son a ce na ci kuɗin wani. Kwamfutata ce ta lalace, ko in sake sauke Java ɗin?

Amsa: Wa alaikumus salam. Kwantar da hankalinka ɗan'uwa, kwamfutarka lafiyarta lau, Java ɗinka ma haka. Ko a wace na'ura ka gwada, a C ko Python ko JavaScript, `0.1 + 0.2` zai ba ka 0.30000000000000004, domin duk suna bin ƙa'ida ɗaya, IEEE 754, wadda aka kafa tun 1985. Wanda ya jefa ka cikin matsala shi ne mai ba ka shawarar `(int)`, kuma a kansa zan fi tsayawa.

Abin da ke faruwa a ƙarƙashi gajere ne. `double` bit 64 ne, 52 daga ciki ne, haɗe da guda ɗaya na ɓoye, suke riƙe da ainihin lambar, kuma a tushen biyu ake rubuta ta. Yadda ɗaya bisa uku ba ya ƙarewa a tushen goma, 0.3333 har illa masha Allahu, haka 0.1 da 0.2 da 4.35 ba sa ƙarewa a tushen biyu. Sai a ajiye mafi kusa da su. Abin da ke zaune a ma'ajinka idan ka rubuta 4.35 shi ne 4.34999999999999964 da 'yan kai. Ka ninka shi da 100, ka samu 434.99999999999994. Har nan babu laifin kowa, kuskuren bai kai ƙurar da ke kan allo ba.

To sai aka zo aka sa `(int)`. Mutane da yawa sun ɗauka `(int)` yana kai lamba zuwa cikakkiyar lamba mafi kusa. Ba haka yake yi ba. Sara yake yi: duk abin da ke bayan ɗigo ya datse shi ya zubar, ko da tara-tara ne har goma sha uku. Shi ya sa 434.99999999999994 ya koma 434. Kuskuren da a da yake can wuri na goma sha huɗu bayan ɗigo, kai da hannunka ka ɗaga shi ya zama santi guda cur. Gyaran gangar Auzinawa ke nan.

Wannan ɗabi'a ce nake gani kusan kullum, kuma ta ishe ni. Mai koyo ya ga jan rubutu, gabansa ya faɗi, sai wani "gwani" ya leƙo ya ce masa ƙara kaza zai wuce. Ba a karanta saƙon ba, ba a tambayi me ya sa ba, burin kawai jan rubutun ya ɓace. Alhali me kwamfaila ya ce maka? Ya ce akwai yiwuwar asara idan ka zuba `double` a cikin `int`. Gaskiya ya faɗa, kuma ga asarar ka gani da idonka. Lokacin da ka rubuta `(int)`, ba matsalar ka warware ba, hannu ka sa a takarda cewa ka san za a yi asara kuma ka yarda. Daga nan kwamfaila ya wanke hannunsa. An tanadi wannan rubutu ne don wanda ya auna ya ga saran shi yake so, misali mai neman cikakkun awoyi nawa ne a cikin daƙiƙoƙi kaza. Wanda bai san abin da ake sarewa ba bai kamata ya taɓa shi ba.

Kuma saran ɗigo shi ne mai sauƙin. A Java, idan lambar `double` ta fi ƙarfin `int`, `(int)` zai danƙare ta a 2147483647, shiru babu ko tari. Idan lissafinka ya haifar da `NaN`, wato sakamakon da ba lamba ba ne, kamar `0.0 / 0.0`, `(int)` zai mayar da shi sifili, manhaja ta ci gaba da tafiya kamar ba a yi komai ba. Idan kuwa daga `long`, wato cikakkiyar lamba ta bit 64, ka sauko, bit ɗin sama ake yankewa: biliyan uku, 3000000000, zai koma -1294967296. Ka duba da kyau, lamba mai kyau, wadda take sama da sifili, ta zama bashi. A C ma abin ya fi muni, domin ƙa'idar harshen ba ta ma fayyace abin da zai faru ba idan lamba mai ɗigo ta fi ƙarfin nau'in da ake tura ta, komai na iya fitowa.

Kada ka ce santi ɗaya ne kawai. A Janairun 1982 kasuwar hannun jari ta Bankuba (Vancouver) a Kanada ta fara wani ma'auni daga maki 1000. Manhajarsu tana sake lissafa shi sau dubbai a rana, kuma kowane karo tana sare shi a wuri na uku bayan ɗigo maimakon ta kai shi mafi kusa. Zuwa Nuwamban 1983 ma'aunin yana nuna 524.811. Da aka sake lissafi daidai, sai ga shi 1098.892. Fiye da rabi ya zube, kaɗan-kaɗan, kuma koyaushe ƙasa yake yi, domin sara a lamba mai kyau ba ya taɓa ƙarawa. Ɗan hakin da ka raina ke nan. Rokar Ariane 5 kuwa da ta tarwatse ranar 4 ga Yunin 1996, kusan daƙiƙa 40 da tashinta, tushen abin shi ne an juya lamba mai ɗigo ta bit 64 zuwa cikakkiyar lamba ta bit 16, wadda ba ta wuce 32767. Injiniyoyin sun bar wannan juyi ba kariya da gangan, don a Ariane 4 lambar ba ta kaiwa can. Su har nazari sun yi kafin su bar shi haka, kuma duk da haka ya ci su. Ina ga wanda ya sa `(int)` don kawai abokinsa ya ce ya sa?

Na san abin da zai biyo baya, don na ga shi sau da yawa. Za a ce maka yi amfani da `Math.round`. Wannan ya fi, zai ba ka 435. Amma `Math.round` na `double` yana dawo da `long` ne, saboda haka idan ka zuba shi a `int` kwamfaila zai sake yi maka wancan ƙorafin, wannan karon "from long to int", hannunka kuma zai fara ƙaiƙayin `(int)`. Riƙe shi. Mayar da ma'ajin `long`, ko ka yi amfani da `Math.toIntExact`, wanda zai jefa `ArithmeticException` idan lambar ba ta shiga ba. Gara manhaja ta tsaya ta yi ihu da ta miƙa maka amsar ƙarya cikin ladabi.

Amma ainihin maganin naka shi ne kuɗi kada ya taɓa shiga `double` tun farko. Ko dai ka riƙe komai a santi cikin `long` tun daga lokacin da aka shigar da shi, ka raba da 100 sai wajen nunawa kawai, ko ka yi amfani da `BigDecimal`, nau'in da ke riƙe lamba mai ɗigo daidai a tushen goma. Idan `BigDecimal` ka zaɓa, akwai ramuka biyu. Rubuta `new BigDecimal("4.35")` da alamar zance. Idan ka rubuta `new BigDecimal(4.35)` ba alamar, ka riga ka ba shi gurɓataccen `double`, zai kuma adana maka gurɓatar da aminci, 4.3499999 har ƙarshe. An yi gudun gara an faɗa gidan zago. Na biyu, `equals` yana ganin 2.0 da 2.00 daban ne saboda yawan wuraren bayan ɗigo, don haka kwatanta su da `compareTo` ka duba ko ya dawo da 0.

Sai batun `==`. Ga abin da ba kuɗi ba, kamar nisa ko nauyi ko zafi, `double` shi ne daidai, amma lambobi biyu da suka fito daga lissafi ba a tambayar ko daidai suke, ana tambayar ko sun yi kusa: `Math.abs(a - b) <= iyaka`. Nan ma akwai laya da ake rabawa, 0.00001, kowa ya kwafa ya liƙa. Idan lambobinka ƙanana ne, kamar 0.000001 da 0.000009, wannan iyaka za ta ce maka ɗaya suke alhali ɗaya ya ninka ɗaya sau tara. Idan manya ne, sama da 9007199254740992, tazarar da ke tsakanin `double` da maƙwabcinsa ta kai 2, iyakar ba ta da wani amfani. Iyaka tana bin girman lambobin ne da irin aikin. Shi ya sa `math.isclose` na Python, da ya shigo a sigar 3.5, yake auna bambancin gwargwadon girman lambobin, kashi ɗaya cikin biliyan idan ba ka canza ba. Kuma kada ka sa `x != 1.0` ya zama sharaɗin tsayawar zagayen da ke ƙara 0.1. Bayan ƙari goma 0.9999999999999999 za ka samu, na gaba ya tsallake 1, zagayen ya yi ta tafiya. Ƙirga da `int` daga 0 zuwa 10, ka raba da 10.0 a ciki.

Tunda Java kake yi, ga wani da zai same ka nan gaba: `Integer` mai babban baƙi. Biyu masu riƙe da 127 za su ba ka gaskiya da `==`, biyu masu riƙe da 128 yawanci su ba ka ƙarya, domin Java tana ajiye na -128 zuwa 127 a shirye, `==` kuma abin da ake nunawa yake kwatantawa ba ƙimar ciki ba. A nan `equals` ne abokinka.

Yanzu buɗe manhajarka ka nemo duk inda ka rubuta `(int)`. Kowane ɗaya ka cire shi, ka karanta abin da kwamfaila zai ce, sannan ka gwada da 4.35 da 0.29 da 1.15. Duka ukun suna faɗowa ƙasa da santi ɗaya idan aka sare su, don haka idan sun ba ka 435 da 29 da 115, wannan gyaran ya zauna.