Amsa ga ƙanena mai zuwa karatu Bologna kan maganar abinci

Salam ƙanena, na ga saƙonka. Ka ce ka samu gurbin karatu a jami'ar Bologna, kuma abin da ke damunka shi ne ko musulmi zai iya shiga gidan abincin unguwa ya ci hankali kwance, ko dole kullum sai ya dafa nasa. Za ka iya wallahi, ni ma ina ci, amma fa sai bakinka ya iya tambaya, don duk Italiya da wuya ka samu garin da ya kai wannan son naman alade.

Mortadella, wani irin tsiran naman alade, nan ne gidanta. Tortellini, 'yar ƙaramar taliya mai cushe da suke ji da shi, alade ne a cikinsa, miyar ragù da suke zubawa a kan taliyar tagliatelle kuwa ko an ce maka naman sa ne yawanci an soya ta da pancetta, wato naman cikin alade, an kuma zuba giya. Wanda ya fi kama baƙo shi ne wanda ido ba ya gani, akwai kitsen alade da suke kira strutto, ana kwaɓa shi cikin piadina da wasu burodi, shinkafarsu risotto ma farar giya ake ɗan zuba mata tun a tukunya.

Duk da haka kar ka ƙare rayuwarka a shagon kebab kamar yadda wasu 'yan uwanmu suke yi. Ka nemi trattoria ta unguwa, ƙaramin gida ne na iyali, uwargida tana kicin maigida yana yawo tsakanin tebura, abincin ranar a rubuce da alli a jikin allo, kuma su suka dafa da hannunsu shi ya sa idan ka ce "senza maiale, senza vino", wato banda alade banda giya, za su faɗa maka gaskiyar abin da ke cikin tukunya ba tare da sun ɓata rai ba. Wadda nake zuwa tana unguwar Bolognina bayan tashar jirgin ƙasa, tsohon mai wurin yanzu da ya hango ni zai ce yau akwai tortelloni, manyan nan da ake cusa wa cukwin ricotta da ganye a dafa a zuba man shanu, ba nama ko kaɗan (kar dai ka rikita su da tortellini). Akwai taliya da tumatir zalla, akwai mai tafarnuwa da man zaitun da barkono, ga fiza margherita ko marinara, ga kifi. Naman sa da kaza ba yankanmu ba ne, malamai sun yi saɓani a kai, ni dai mahautan halal na 'yan Maroko da Pakistan nake saye in dafa a ɗaki.

Lokaci kuma ka kiyaye. Wajen 12:30 zuwa 2:30 suke ba da na rana sai su rufe, ba za ka sake ganin wuta a kicin ba sai 7:30 na dare. Ruwan sha saye ake yi, sannan akwai kuɗin zama da ake kira coperto, yuro 2 ko 3 kowane mutum, ba cuta ba ce haka tsarin yake. Ba dole ka bi jerin kwanukansu ba, farantin taliya ɗaya na yuro 10 zuwa sama ya ishe ka. Da kuɗin ɗalibi ba wurin zuwa kullum ba ne gaskiya, kantin cin abincin jami'a ya fi sauƙi, musamman in ka nemi tallafin ER.GO, hukumar yankin mai tallafa wa ɗaliban jami'a, tun da wuri.

In za ka taho ka ƙunso yaji mai yawa da kuka da daddawa, yawancin abincinsu ba ya da zafi. Kilishi kam ka bar shi gida, ba a yarda matafiyi ya shigo da nama Turai ba, ƙwacewa za su yi a filin jirgi. Ka gaida su Mama.