Hukuncin aiki a gidan kula da karnukan da aka yasar

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni ɗalibi ne a birnin Birmingham na ƙasar Ingila. Na samu aikin wucin gadi a wani gida da ake tara karnukan da masu su suka yasar. Muna ba su abinci da magani, mu wanke keji, mu fita da su yawo, har a samu mai ɗauka ya biya wani kuɗi ya tafi da su. Abokan zamana sun ce albashina haram ne, kuma ba ni da salla tunda kare na lasar tufafina. Me shari'a ta ce?

Amsa: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Ɗan'uwa, aikinka halal ne, albashinka ma haka, in kuma ka gyara niyya har lada kana da ita.

Abokanka sun cakuɗa riƙon kare da jinƙan kare. A kan riƙo ne hadisi ya zo cewa wanda ya ajiye kare ba don farauta ko kiwo ko gona ba, kullum ana rage masa ƙiraɗi ɗaya na lada, a ruwayar Ibn Umar ƙiraɗi biyu. Jinƙai kuwa, Bukhari da Muslim sun ruwaito daga Abu Huraira labarin mutumin da ya ga kare yana lasar ƙasa don ƙishi, ya sauka rijiya ya ciko huffinsa, ya riƙe da baki ya hawo ya shayar da shi, Allah ya gafarta masa. Sahabbai suka ce ashe muna da lada a kan dabbobi? Annabi (SAW) ya ce akwai lada a kan kowace hanta mai danshi, wato duk mai rai. Karen nan ba na farauta ba ne, ba na gadi ba, karen hanya ne irin waɗanda ake kawo muku.

Batun najasa shi ne inda malamai suka saɓa. Shafi'iyya da Hanbaliyya suna ganin kare najasa ne mai kauri, sai an wanke sau 7, ɗaya da ƙasa. Hanafiyya sun ce yawunsa ne najasa, ban da jikinsa. A mazhabar Malik, wadda akasarinmu muka tashi a kanta, duk mai rai tsarkakakke ne, haka guminsa da yawunsa, kuma wanke ƙwarya sau 7 in kare ya sha a ciki bin umarni ne kawai. Hujjarsa mai ƙarfi ce: aya ta 4 a Suratul Ma'ida ta halatta abin da karen farauta ya kamo, da bakinsa kuwa yake kamowa, ba a kuma ce a wanke wurin ba. Saboda haka sallarka ta yi. Amma fitsari da kashin kare najasa ne ko a wurin Malikiyya, kuma mai wanke keji ba ya rasa fantsali. Ka ware kayan aiki daban, takalmi da riga da safar hannu, ka ajiye jallabiya mai tsabta a jaka don salla. Da haka ka fita daga saɓanin ma gaba ɗaya.

Kuɗin da mai ɗauka ke biya, hadisin Abu Mas'ud ya hana cin kuɗin kare, gaskiya ne. Sai dai a irin waɗannan gidaje abin da ake karɓa yawanci na mayar da ɗawainiya ne: rigakafi, dandaƙa, da 'yar na'urar shaida da ake sa wa kare a ƙarƙashin fata, wadda dokar Ingila ta wajabta tun 2016. Ko da ciniki ne, ba kai ne mai sayarwa ba, ladan wahalarka ake biyanka. Dandaƙar ma ina ganin babu laifi in likita ya yi ta da maganin kashe zafi, don gudun yawan 'ya'yan da za a sake yasarwa.

Inda zan taka maka birki shi ne ɗakinka. In sun ce ka tafi da kare gida ya yi 'yan makonni, ka ba su haƙuri, domin hadisin Abu Ɗalha ya ce mala'iku ba sa shiga gidan da ke da kare. Musulmin da ya zo ɗauka kuma, in buƙata ce ta gaske kamar gadi ko jagorancin makaho, malamai sun yi ƙiyasi sun halatta. An ruwaito cewa Ibn Abi Zaid mai Risala ya ajiye kare bayan katangar gidansa ta faɗi, da aka tuna masa Malik ya karhanta haka, sai ya ce da Malik ya riski zamaninmu da zaki zai ajiye. In don sha'awa ce kawai, ka yi masa nasiha cikin lalama, ka bar yanke hukunci ga masu gidan. Wanda ba Musulmi ba, abin dubawa a kansa shi ne zai ciyar da dabbar, ba zai azabtar da ita ba.

Allah ne mafi sani.