Zan sa wa M113 sarƙar roba: na ɓalle sarƙoƙin biyu lokaci guda?

Tambaya: Assalamu alaikum Injiniya. Ni makaniki ne a Amurka, ina aiki wurin wani mai tara tsofaffin motocin yaƙi. Ya sayo M113A1, motar sulke mai ɗaukar sojoji da ke tafiya a kan sarƙa, yana son a cire mata sarƙar ƙarfe a sa ta roba saboda tana cinye kwaltar harabar. Wani ya ce zai samo mana robar katafila da arha. Nufina in kulle birki, in ɓalle sarƙoƙin biyu rana ɗaya in huta, sai dai garejin yana da ɗan gangare. Kuma motar tana ja hagu. Abin da ke hana ni barci shi ne yara ake ɗauka a cikinta ranar baje koli.

Amsa: Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Tunda har yara na hawa, ka dakatar da aikin tukuna.

Robar katafila ka manta da ita. An yi ta ne don injin haƙa mai rarrafe, wanda da ƙyar yake wuce kilomita 5 a awa, ita kuwa M113A1 tana haura 60, nauyinta ya wuce tan 10. Tazarar haƙoranta ma ba za ta zauna kan ƙafar da ke jan sarƙa ba. Sarƙar roba ta gaskiya, irin wadda kamfanin Soucy na Kanada ke yi, wadda sojojin Kanada suka yi aiki da ita a Afganistan, tafe take da kayanta: ƙafa mai haƙora ta gaba, ƙafar baya mai ɗame sarƙa, da abin ɗamewar. Zobe ɗaya ce ba mahaɗi, sai an ɗaga gefen motar, sai an samu abin ɗaukar kaya. Kafin ka gama cike takardun izinin sayenta ma ka yi furfura. In dai kwalta ce damuwar maigidanka, sarƙar T130 da ke jikin motar tana da takalman roba da ake ɗaurewa da noti. Sun cinye ne, ƙarfe ya fito. A sauya su, magana ta ƙare.

Yanzu ga inda raina yake ɓaci. “Na kulle birki, ba inda za ta je.” Kullum sai na ji wannan magana, har daga bakin makanikan da suka tsufa a kan tirela. A tirela birki yana jikin kowace ƙafa. A M113 babu birki ko ɗaya a ƙafafu biyar ɗin nan da kake gani a kowane gefe, sakakku ne, juyawa kawai suke yi. Birkin yana can gaba cikin difaranshiyal, wato akwatin giyar da ke raba ƙarfin injin ga gefe biyun. Sandunan biyu da direba ke ja, su ne sitiyari, su ne birki: ka ja ta hagu ta karkata hagu, ka ja duka biyu ta tsaya, ka danna maɓallan da ke kansu ta kulle. To amma me ta kulle? Ƙafar gaba mai haƙora. Ita kuma ba ta taɓa ƙasa, sarƙa ce kaɗai ta haɗa ta da ƙasa. Ranar da ka zare fil ɗin da ke haɗa gaɓoɓin sarƙoƙin biyu, ka mayar da motar amalanke mai tan goma sha wani abu, sandunan suna nan a kulle, ita kuma tana gangarawa. Ba ta gargaɗi, ba ta ƙara, don injin a kashe yake. Wanda ke durƙushe a gabanta da guduma shi ne zai fara sani.

Kuma kada wani ya ce maka ai gangaren kaɗan ne. Gangaren da ido ba ya gani ya isa, domin ƙafafun kan shimfiɗaɗɗiyar sarƙarsu suke birgima sumul. Haka nan masu cire shaf ɗin da ke kai ƙarfi ga ƙafafun gaba don a ja motar, sannan su ɗaura igiya ko waya, su zaunar da yaro a kujerar direba wai ya riƙe birki. Wane birki? Sun riga sun raba shi da sarƙa. Da sandar ja ta ƙarfe ake jan irin wannan, mai jan kuma ya kai ta nauyi ko ya fi ta. 'Yan na-iya da ke koyar da gyara a bidiyo ba sa nuna wannan, sai su nuna maka sarƙa tana zubewa ƙasa ana tafi.

Don haka wuri mai lebur, waigin katako mai kauri gaba da bayan ƙafafun, gefe ɗaya a lokaci guda, kada a taɓa na biyu sai an rufe na farko. Sarƙar gefe ɗaya ta haura rabin tan, ƙafarka kada ta kwana inda za ta faɗo. Sai abin ɗame sarƙa da ke baya, wanda ake cika shi da giris: giris ɗin nan a matse yake ƙwarai. Ka sassauta bawul ɗin sannu a hankali, kana tsaye ta gefe, ka bar giris ya riƙa fitowa da kansa. Kada ka kwance shi gaba ɗaya, kada ka leƙa da fuska.

Jan hagu kuwa, fara da mai sauƙi. Ka tuƙa ta a fili, ka saki totur ta tsaya da kanta ba tare da jan sanda ba, sannan ka gwada ɗamewar sarƙoƙin gefe biyun da ma'aunin da littafin motar ya bayar. Ka ƙirga gaɓoɓin sarƙar: 63 a hagu, 64 a dama, haka aka ƙera ta, kada wani mai son daidaito ya cire ɗaya. Ka sa sandar ƙarfe ƙarƙashin kowace ƙafa ka ɗaga. Wadda ta tashi cikin sauƙi, sandar murɗa da ke riƙe ta, wadda ke yi mata aikin sifirin, ta karye. In duk wannan lafiya, to birkin hagu ne ke kamawa, a daidaita shi.

Direban da zai ɗauki yaran nan ka zaunar da shi ka gaya masa da bakinka: in sarƙa ta fita yana cikin gudu, kada ya ja sanduna. Gefe ɗaya ne zai kama, motar ta juya da ƙarfi, tana iya kifewa. Ya ɗaga ƙafa daga totur, ya bar ta ta tsaya da kanta. Ka sa ya maimaita maka kafin ka ba shi motar.