Tambaya da Amsa: Baƙar rigar nan mai fararen layuka, ta su wa ce?

TAMBAYA: Malam, barka da aiki. Akwai wata baƙar riga da nake yawan gani a jikin matasa a intanet, mai fararen layuka a jere kamar duwatsu. An ce mini hoton faifan wasu mawaƙan Ingila ne, wai su Joy Division, kuma wai a mashaya suke wasa. Su wane ne, kuma me ya hana su daɗewa? Daga wani ɗalibi mai bibiyar wannan shafi.

AMSA: Barka kadai, ɗan'uwa. Layukan nan ba duwatsu ba ne. Zanen siginar rediyo ce da masana taurari suka kamo daga wani tauraro mai juyawa da ake kira CP 1919, mai zane Peter Saville kuma ya ɗora shi a bangon faifansu na farko, Unknown Pleasures, a 1979.

Batun mashaya gaskiya ne, sai dai yana da tarihi. A farkon shekarun 1970 kiɗan rock a Ingila ya koma na masu hannu da shuni: manyan zauruka, tulin kayan sauti, tikiti mai tsada. A 1971 wasu mawaƙa Amurkawa, ƙungiyar Eggs over Easy, suka shawo kan mai mashayar Tally Ho da ke unguwar Kentish Town a Landan ya ba su wurin kiɗa. Jama'a suka cika, wasu mashayun suka bi sahu, irin su Hope and Anchor a Islington. Mai gida ba gwaninta yake nema ba, shi dai ɗaki ya cika a sayi abin sha. Ta wannan ƙofa Dr. Feelgood da Ian Dury da Joe Strummer suka shigo, bayansu 'yan punk (wani salon rock mai sauri da hargowa), bayansu kuma su Joy Division, masu kiɗan da ya fi na punk sanyi da duhu.

Yaran yankin Manchester ne. Ranar 4 ga Yuni, 1976, Bernard Sumner da Peter Hook suka je kallon 'yan punk ɗin nan Sex Pistols a zauren Lesser Free Trade Hall, suka fito da ra'ayin cewa in waɗannan za su iya, su ma za su iya. Hook ya ranci fam 35 wurin mahaifiyarsa ya sayi jitar bas, bai ma iya kaɗa ta ba. Ian Curtis ya zama mawaƙi, Stephen Morris ya kama ganguna a 1977. Da farko Warsaw suke amsawa, suka canja suna a farkon 1978 saboda akwai wasu Warsaw Pakt a Landan. Duk wannan lokaci kowa na da aikinsa na rana. Curtis ma'aikacin gwamnati ne a Macclesfield, yana sama wa naƙasassu aikin yi.

Wasansu na farko a Landan a ɗakin ƙarƙashin ƙasa na Hope and Anchor ɗin nan aka yi shi, ranar 27 ga Disamba, 1978. Sun zo da buri, suka tarar da mutane kusan talatin kacal. A hanyar komawa gida, cikin mota, farfaɗiya ta kama Curtis, aka wuce da shi asibiti a Luton.

To, amsar tambayarka ta biyu daga wannan dare ta faro. Mai farfaɗiya barci yake buƙata da hutu. Ita kuwa wannan sana'a tafiyar dare ce, ga fitilu masu walƙiya a ido, gobe kuma wani garin. Suna ya yi ta tashi, ciwo ya yi ta ƙaruwa, aurensa ma ya shiga tangal-tangal. Wani lokaci a kan dandamali farfaɗiyar take kayar da shi, wasu 'yan kallo su ɗauka salon rawarsa ce, domin dama rawar tasa fizge-fizge ce. A ganina, mutumin da ya kamata a kwantar a yi jinyarsa aka yi ta yi wa tafi. Wasansu na ƙarshe a Jami'ar Birmingham suka yi shi ranar 2 ga Mayu, 1980. Ranar 18 ga watan, suna gab da tashi zuwa Amurka, Curtis ya kashe kansa yana da shekara 23. Faifansu na biyu, Closer, sai a Yuli ya fito.

Kada ka ɗauka haka kowace ƙungiya ta mashaya take ƙarewa. Yawancinsu ƙarancin kuɗi da gajiya da saɓani ne ke watsa su shiru, wasu da faifai ɗaya, wasu ko ɗayan babu. Young Marble Giants na Cardiff faifai ɗaya suka fitar a 1980 suka rabu.

Su kuwa ukun da suka rage a Joy Division dama akwai alkawari a tsakaninsu cewa in ɗaya ya fita, an ajiye sunan ke nan. Suka cika shi. Suka koma New Order, Sumner ya karɓi waƙa, daga baya suka ɗauko Gillian Gilbert.