Tambaya da Amsa: Mu sayi Starlink ne don sauke bayanan yanayi?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Ni ɗaliba ce a sashen nazarin ƙasa a wata babbar makaranta a nan Jos. Aikin kammala karatuna a kan ruwan sama ne da noman dankalin Turawa a Bokkos da Mangu. Kullum sai na sauke hasashen yanayi na GFS, ga kuma wata 'yar tashar awon yanayi da muke da ita a bayan sashenmu. Daga hantsi har bayan isha'i intanet ɗin makaranta ba ya motsi, fayil sai ya kai rabi ya yanke. Mu shida muka yanke shawarar yin karo-karo mu sayi Starlink, intanet ɗin tauraron ɗan Adam. Kafin mu zuba kuɗi, me ka gani? Daga wata ɗaliba, Jos.

AMSA: Wa alaikumus salam ƙanwata, Allah ya sa a gama lafiya. Ku riƙe kuɗinku tukuna, mu duba nauyin abin da kuke saukewa.

Hukumar NOAA ta Amurka ce ke fitar da GFS, sau huɗu a rana, kuma hasashensa yana kaiwa kwana 16. A mafi laushin nau'insa, duniya a yanke take a kan maki sama da miliyan ɗaya, tsakanin kowane biyu kusan kilomita 28. Fayil ɗaya, na lokaci ɗaya kacal a cikin hasashen, yana kaiwa kusan megabayit 500, domin a cikinsa akwai iskar saman Kanada da zafin tekun Japan da ƙanƙarar ƙarshen duniya. Ke kuwa Filato kike nema. Najeriya gaba ɗaya, daga digiri 4 zuwa 14 arewa, daga 3 zuwa 15 gabas, maki kusan 2,000 ne a kan wannan ma'auni. Shafin NOMADS na hukumar yana da matata da za ki sa iyakokin yankinki, ki zaɓi ruwan sama da zafi da laima kawai, ya yanko miki su. Abin da zai zo ba zai kai nauyin hoton biki ɗaya a WhatsApp ba. Sayen farantin Starlink don wannan kamar ɗaukar hayar tirela ne don kwandon tumatir ɗaya daga Farin Gada.

Sai lokaci. Zagayen hasashen GFS da ake farawa ƙarfe 1 na dare agogon Najeriya yana gama fitowa tsakanin asuba da fitowar rana. Na ƙarfe 7 na yamma kuma yana fitowa wajen tsakar dare. Duka biyun sun faɗo lokacin da 'yan hostel suka yi barci ko ba su tashi ba. Ki sami wani a sashen kwamfuta ya rubuta muku 'yan layuka kaɗan da za su sa kwamfutar ɗakin bincike ta riƙa saukewa da kanta bayan asuba, in ya yanke ta ci gaba daga inda ya tsaya. Sharaɗi ɗaya, a tabbatar tana kan inbata.

Af, tun da aikinki na ruwan da ya riga ya zuba ne a kan gonaki, ban ga dalilin dogaro da hasashe kaɗai ba. Ki nemi CHIRPS na Jami'ar Kalifoniya da ke Santa Barbara, yana da ƙiyasin ruwan sama tun 1981, a kan murabba'in kusan kilomita 5. Sau ɗaya za ki sauke, ki gwada shi da abin da ma'aunin tasharku ya nuna, da na NiMet, hukumar yanayi ta Najeriya, in kin samu. Ki tuntuɓi malamin da ke duba aikinki a kan wannan.

Tashar bayan sashe ma ba ta buƙatar tauraro. Zafi, laima, saurin iska, ruwan da ya faɗa mazubi, 'yan lambobi ne take aikawa duk minti goma ko sha biyar. Layin waya ɗaya da data mafi araha ya ishe ta wata guda, kuma irin waɗannan na'urori suna ajiye awonsu a cikinsu in sabis ya ɗauke.

To yaushe faranti ke da amfani? In sashenku zai riƙa jan hotunan tauraro masu nauyi kullum, ko ku tafi aikin fili a ƙauyen da sabis ba ya kaiwa, nan kam Starlink ya yi. Ya fara aiki a Najeriya a watan Janairun 2023, ita ce ƙasa ta farko a Afirka. Taurarinsa suna yawo a kusan kilomita 550 daga ƙasa, shi ya sa saƙo ke zuwa ya dawo cikin ƙiftawar ido. Irin su NigComSat-1R namu, da aka harba a 2011, suna can kusan kilomita 36,000, sai saƙo ya ci fiye da rabin daƙiƙa a hanya. Amma ga mai sauke fayil wannan jinkiri ba komai ba ne, masu kiran bidiyo ya dama.

Ga abin da masu talla ba sa faɗa wa mutumin Jos. Zangon igiyar da farantin ke magana da tauraro da shi, wanda ake kira Ku, ruwa mai ƙarfi yana shanye shi. Na sha tsayawa gaban irin wannan faranti a Abuja hadari ya taso daga gabas: gari ya yi duhu, shafin da ke buɗe ya fara jan ƙafa tun kafin ɗigon farko, ruwa na kecewa sai ya tsaya cak, ba ya dawowa sai an tsagaita. Ke kuma kin san Yuli da Agusta a kan tsaunin da ya haura mita 1,200, wani lokaci har da ƙanƙara. Wato a daidai lokacin da mai nazarin hadari ya fi son bayanai, lokacin hanya ke iya toshewa. Ga tsawa, dole a yi wa wayar da ta sauko daga rufi kariya a binne ƙarfe a ƙasa. Ga cin wuta, wat 50 zuwa 100 dare da rana. Ga kuɗin wata, wanda ba ya jiran a biya alawus. Shi ma tauraron yana cika: a ƙarshen 2024 kamfanin ya dakatar da karɓar sabbin masu rajista a Legas da Abuja saboda yawan jama'a. Ku shida ne yau, amma da zarar lambar sirri ta fita, duk benen zai hau, cunkoson da kuka gudu ya biyo ku.

Akwai wata hanyar tauraro da masana yanayi suka daɗe a kanta, ba intanet ba ce ma. Hukumar EUMETSAT ta Turai da ke Darmstadt a Jamus tana watso hotunan taurarinta na yanayi, Meteosat, kai tsaye ta tsarin EUMETCast, yadda ake watso tashoshin talabijin: farantinka karɓa kawai yake yi, mutum dubu su kama ba ya rage wa kowa komai. Na Afirka a zangon C yake, wanda ruwa bai cika damunsa ba. Hoton nahiyar gaba ɗaya yana zuwa duk minti 15, sabon tauraron da aka harba a Disamban 2022 kuma duk minti 10. Sai dai yana son faranti mai faɗin sama da mita biyu, da kwamfuta tasa, da rajista. Wannan aikin sashe ne, ba na aljihun ɗalibai ba. Ki kai wa shugaban sashe maganar.

In kun dage sai kun saya, kada ku jona shi da wayoyin makaranta ba da izinin ofishin kwamfuta ba, ƙofa ce kuke buɗe wa ɓarayin intanet ta baya, kuma laifin a kanku zai faɗa. Ku je musu da takarda daga shugaban sashe, a rubuce da adireshin shafukan da kuke sauke bayanai da awannin da kuke buƙata. Na'urarsu tana iya ware wa ɗakin bincikenku kaso na musamman a gaban masu kallon ƙwallo, aikin 'yan mintoci ne in sun yarda.