Na'urar Auna Sukari Tana Yanke Hulɗa da Waya da Dare: Lalacewa Ta Yi?

Tambaya: Assalamu alaikum Likita. Ɗana mai shekara 12 yana da ciwon sukari, ana yi masa allurar insulin. Mun manna masa na'urar auna sukari ta FreeStyle Libre 2 a damtse, amma kusan kullum da dare sai wayar ta ce sigina ta ɗauke, da safe mu tarar da giɓi a sakamakon. Mu cire ta mu sa sabuwa? Ga ta da tsada. Daga wata uwa a Zariya.

Amsa: Wa'alaikumus salam Hajiya, Allah ya ba yaro lafiya. Kada ki cire ta tukuna. Yawanci idan haka ta faru na'urar lafiyarta ƙalau, tana can tana aunawa, saƙon ne bai isa wayar ba.

Da Bluetooth suke magana da juna, ba da data ba, don haka rashin sabis ba shi da hannu a ciki. Iyakar nisan da Libre 2 ke kaiwa mita 6 ne, shi ma in babu abin da ya gitta. Bangon siminti yana rage shi sosai. Abin da mutane ba sa kawowa a rai shi ne jikin yaron kansa. Ruwa yana shanye irin wannan sigina, jikin ɗan Adam kuwa fiye da rabinsa ruwa ne. Idan ya juya ya danne damtsen da katifa, wayar kuma tana caji a falo ko a ɗakinki, ai magana ta ƙare. Dannewar nan ma takan sa na'urar ta nuna sukari ya faɗi alhali bai faɗi ba. Ki kai wayar ɗakinsa, kusa da gado. In ya saba kwanciya ta dama, ta gaba ki manna masa a hagu.

Sai ita wayar. Ni dai kafin in zargi na'ura, saitin batir nake fara dubawa. Wayoyin Android suna kashe manhajar da suka ga kamar ba a amfani da ita don caji ya daɗe, mu kuma saboda rashin wuta mun saba kunna tsimin batir da dare. Ki shiga saiti ki cire wa LibreLink, wato manhajar da ke karɓar sakamakon na'urar, duk wani takunkumin batir, ki ba ta izinin aiki ko allo a kashe yake. Kada a share ta daga jerin manhajojin da ke buɗe, manhajojin nan masu "wanke waya" ma a hana su taɓa ta. Ki kuma sani wayar ko na'urar karanta sakamako da aka fara kunna Libre 2 da ita ce kaɗai ke samun ƙararrawar gargaɗi.

Idan sigina ta ɗauke, ki kashe Bluetooth ki sake kunnawa, sannan ki kara bayan wayar a jikin na'urar. Tana riƙe da sakamakon awa 8 na ƙarshe, karawar za ta cike giɓin. Abin da ya haura awa 8 ya tafi ke nan, shi ya sa ya kamata a kara kafin barci da kuma lokacin sallar asuba.

Giɓin bai dame ni ba kamar shirun ƙararrawa. Muddin babu sigina, ko sukari ya sauka ƙasa da 70 mg/dL wayar ba za ta tashe ki ba. Saboda haka ki bar ƙararrawar ɗaukewar sigina a kunne, duk da ta cika damu. Tana kaɗawa bayan minti 20 da yankewa. Ki ajiye na'urar gwajin yatsa a ɗakin. In ya farka da gumi, rawar jiki ko rikicewa, ki gwada yatsa nan take, kada ki tsaya gyaran waya, kuma kada a lissafa insulin da tsohuwar lambar da ta tsaya a allo.

Za ki canza na'urar kafin kwana 14 ɗinta su cika idan gumi ya ɗaga ta daga fata, ko manhajar da kanta ta ce a sauya. In haka ta faru, ki adana kwalin da lambarsa kafin ki tuntuɓi inda kuka saya.