Tambaya da Amsa: Tsirrai a Ɗaki da Iskar da Muke Shaƙa

Tambaya: Assalamu alaikum. Ciki da falo muke haya a Agege, taga ɗaya ce ke kallon waje, maƙwabcinmu kuma kullum dare yana tada janareta a lungun da ke tsakaninmu. An ce mini akwai tsirran da ke shanye hayaƙi. Wane iri zan saya, kuma tukunya nawa? Daga Maman Sadiya, Agege.

Amsa: Wa alaikumus salam, Maman Sadiya. Kafin a zo maganar tsiro, janaretan nan ya bar lungun. Hayaƙinsa yana ɗauke da kabon monoksaid, iskar da ba ta da launi ba ta da wari, tana shiga jini ta tare wurin oksijin. Alamunta ciwon kai, jiri, kasala da amai, kuma mai barci kan wuce ba tare da ya farka ba. Babu ganyen da zai kare ki daga wannan. Janareta a sarari ake ajiye shi, tazarar aƙalla mita 6 daga ƙofa da taga, bakin salansa yana kallon waje. Ki sa maigidanki ya yi wa maƙwabcin da mai gidan magana yau, kuma ku nemi ƙaramar na'urar ƙararrawa mai batir da ke kuka idan wannan iska ta taru, ku rataye ta kusa da wurin kwana.

Maganar da kika ji tana da asali. A 1989 hukumar binciken sararin samaniya ta Amurka, NASA, ta fitar da rahoton gwajin da Bill Wolverton ya jagoranta. An sa tsirrai cikin akwatuna rufaffu ruf, aka zuba musu sinadarai irin su benzin da fomaldihaid, aka ga sun ragu, kuma ƙwayoyin halittar da ke cikin ƙasar tukunya a gefen saiwa sun yi aiki mai yawa a ciki. Sai dai akwatin da iska ba ta shiga ba ta fita daban yake da ɗakin da mutane ke zaune. A 2019 Michael Waring da Bryan Cummings na Jami'ar Drexel suka sake duba gwaje-gwajen shekaru da dama, suka lissafa cewa sai an jera tsiro 10 zuwa 1,000 a kowace murabba'in mita kafin su yi abin da shigar iska daga waje ke yi. Ɗaki mai mita 3 a 4 kenan yana buƙatar tukunya 120 a ƙalla. Ina za ki shimfiɗa katifa?

Abin da ke gyara iskar ɗaki shi ne rage abin da ke ɓata ta, sannan a ba ta hanya. Buɗe taga da ƙofa lokaci guda na minti 15 zuwa 20 safe da yamma, a lokacin da janareta ke kashe. Turaren wuta da maganin sauro na kunnawa a sa su kafin a shiga kwana, a bar hayaƙin ya fita. Risho ko gawayi kada a kunna su a ɗaki a rufe. Sabuwar durowa ko kabad na katakon da aka manne da gam, da sabon fenti, suna fitar da fomaldihaid da makamantansa, a bar su su sha iska kwanaki. Bayan haka ki sayi tsiro biyu ko uku don sanyin ido da kwanciyar rai, wannan amfanin nasu gaskiya ne.

Tambaya: Falona a Obalende ba ya samun rana sosai. Wanne zai rayu? Kuma da gaske ne tsiro yana ƙwace wa mutum numfashi da dare? Daga Malam Habu, Obalende.

Amsa: Malam, tsiro yana numfashi da dare, amma abin da tukunya ɗaya ke ja bai kai ko kusa da na mutum ɗaya da ke kwance a gefenka ba. Ka kwanta lafiya. Don falo mai duhu, na farko shi ne sansiberiya, mai dogayen ganye a tsaye kamar takobi, wasu da ratsin rawaya a gefe. Yana jure ƙarancin haske da mantuwa. Na biyu fotos, mai yaɗo da ganye kamar zuciya: yanki reshe ƙasa da gaɓa, sa a kwalbar ruwa, cikin mako biyu zuwa uku saiwa ta fito. Alobera kuwa rana take so, in ba ka da taga mai haske ka bar ta a baranda.

Tambaya: Sau biyu ina sayen sansiberiya wurin masu furanni na bakin titi, duk ganyen ya yi laushi daga gindi ya faɗi, ga wari. Kullum ina ba shi ruwa. Daga Hajiya Binta, Idi-Araba.

Amsa: Hajiya, ruwan kullum ɗin ne ya kashe shi. Saiwa tana buƙatar iska, in ƙasa ta jiƙe ba ta bushewa sai ta shaƙe ta ruɓe. Legas ga laima, musamman daga Afrilu zuwa Yuli, tukunya a ɗaki ba ta bushewa da wuri. Ki tura yatsa cikin ƙasar har gaɓa ta biyu, in da danshi kada ki zuba. Da damina sau ɗaya a mako biyu zuwa uku ya ishe shi, da hunturu kusan kowane kwana goma.

Ki kuma duba ƙasar da aka sayar miki, yawanci baƙar ƙasa ce mai danƙo zalla. Haɗa awo biyu na ƙasar lambu, awo ɗaya na yashin kogi mai tsakuwa, awo ɗaya na taki da ya ruɓe sosai, da ɗan dakakken gawayi. Yashin bakin teku akwai gishiri, yana ƙona saiwa. Tukunya dole ta kasance da huji a ƙasa, ta yumɓu ta fi ta roba saurin bushewa. Wanda ya fara ruɓa a cire shi, a yanke duk inda ya yi laushi da wuƙa mai tsabta, a bar shi a inuwa kwana biyu bakin yankan ya bushe, a dasa, kada a ba shi ruwa sai bayan mako guda. In ruwan burtsatsenku yana da ɗanɗanon gishiri, ki tari ruwan sama. Ƙurar hunturu a goge ta daga ganye da jiƙaƙƙen tsumma.

Tambaya: Ina da yara ƙanana biyu. Tsirran ba za su jawo sauro ba? Daga Maman Abba, Mile 12.

Amsa: Ruwan da ya kwanta a farantin ƙarƙashin tukunya ne ke jawo shi, 'yar'uwa. Daga ƙwai zuwa sauro mai tashi kwana bakwai zuwa goma ne, don haka ki zubar da ruwan farantin minti 30 bayan ban ruwa, kwalbar fotos kuma a sauya ruwanta a wanke ta duk kwana huɗu ko biyar. Abin da ya fi damun mu game da yaran shi ne tauna ganye. Difenbakiya, mai faffaɗan ganye da ɗigon fari wanda ya cika barandun Legas, da shi kansa fotos, suna da ƙananan tsinin sinadari masu ƙona baki su kumbura harshe. Difenbakiya kada ya shiga gidan da ke da mai rarrafe, fotos a rataye shi sama. In yaro ya tauna, a cire ragowar, a kurkure masa baki da ruwa, kada a sa shi amai. Idan leɓe ko harshe ya fara kumbura ko numfashi ya yi nauyi, a tafi asibiti nan take, a riƙe ganyen a nuna wa likita.